Takalman Ƙwallo a Leda

A tashar Bebeji, Mainasara na zaune da bandeji a kai, yana jiran motar Kiru. Wata dattijuwa mai tallar nono ta ƙura masa ido.

"Samari, wa ya naɗa maka sarauta?"

"Babur ne ya kayar da ni, Inna. Kaina ya bugu."

"Sannu. Likita bai hana ka komai ba?"

"Ya hana ni hawa babur da zaman rana da kallon talabijin. Har noma ya ce in dakata."

"Wasa fa? Ga takalman ƙwallo na leƙowa daga ledarka."

Mainasara ya tura ledar ƙarƙashin benci. "Ai gola ne ni. Tsayuwa kawai zan yi."

"A rana, ana auna kanka da ƙwallo."

"Jirin ya ragu, Inna."

"Ya ragu, bai tafi ba ke nan. Ɗana ma haka ya ce da bijimi ya tunkuye shi, washegari ya bi shanu." Ta gyara faifan ƙwaryarta. "Yanzu ni nake tuna masa sunayen 'ya'yansa."

Kwandasta ya fara kiran Kiru. Mainasara ya dubi motar, bai tashi ba.

"Inna, dama min fura."

"Matso inuwa tukuna, ranka ya daɗe."