Zumunci Sai Kaka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomi ne daga Jabo.

Bara na ɗaura niyyar in riƙa ziyartar Goggo, yayar mahaifina, a ƙauyensu da ke bayan Kebbe, domin ta tsufa kuma tana ta cigiyata. Ban tashi tafiya ba sai tsakiyar damina. Babur ya kafe a laka, muka tura shi ni da mai babur, har takalmina ɗaya ya zauna a can. Ko da na isa, gidan ba kowa, duk suna gona sai ita. Ta dube ni, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ɗana, mi ya fito da kai cikin wanga ruwa? Zumunci sai kaka, ka taho min da sabon gero."

Shi ya sa bana na bai wa kowace niyya lokacinta. Da bazara zan kai taki gona in gyara rufin ɗaki. Da damina ba inda za ni. Da kaka sai gidan Goggo, damin gero a bayan babur.

Saura niyya ɗaya, ta rage faɗa a gida. Na tambayi maiɗakina lokacin da ya dace, ta ce, "Malam, wannan yau za ka fara."

Masu sauraro, ku ba ni shawara, domin tana gefena tana jin shirin nan.