Cokulan Katakon Baba Bernard

Da sunan Allah muke farawa. Malam Boukari limaminmu, Allah Ya ƙara lafiya. Alhaji Hamidou shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Greensboro, Hajiya Assibi uwar mata, malaman jami'a da ɗalibansu, sai ke Loretta, 'yar marigayi, da yaranki: sannunku da zuwa, sannunmu da rashi. Ruwaida tana juya wa Loretta maganata da Turanci, don haka zan tafi a hankali. Dama ni ban iya sauri ba.

Baba Bernard ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba ne. Manomi ne a McLeansville, tsohon soja, wanda ya ba mu filinsa muna yin layya shekara shida. Ya kasance mai buɗe ƙofa tun ba a ƙwanƙwasa ba. Ya kasance mai faɗin gaskiya ba tare da ɗaga murya ba. Ya kasance, in za a faɗi gaskiya, mai taurin kai fiye da duk wani tsoho da na sani, har da ni.

Layyarmu ta farko a filin, mun ci, mun ƙoshi, muka tattara farantai da cokulan roba da ledoji muka jibge a bayan shinge, kamar yadda ake jibge sauran abinci a gida don dabbobi su tsinta. Mun manta cewa a gida ganye da ƙasusuwa ake zubarwa. Saniyarsa ta haɗiyi leda, kwana huɗu ta mutu.

Ni da Alhaji Hamidou muka je ba da haƙuri, mun riga mun yanke cewa filin ya tafi. Sai ya zaunar da mu a rumfarsa ta sassaƙa, ya ce, "Kun san abin da ya sa nake raye?"

Alhaji ya ce, "Ikon Allah."

Ya ce, "Haka ne. Amma da katako Ya yi aikin."

Ya ba mu labarin yaƙin duniya na biyu, yana ɗan shekara goma sha tara, a cikin tankar yaƙi, a wani tsibiri na tekun Fasifik. Ya ce tanka a tsibiri ba ta da inda za ta gudu: gabanta dutse, bayanta ruwa, ƙarƙashinta yashin da ke haɗiye ta. Abokan gaba kuma suna rarrafowa da nakiya mai maganaɗisu su manna a jikin ƙarfen. Sai shi da 'yan uwansa sojoji suka ɗaure allunan katako a gefen tankar. Wata rana aka manna musu nakiya, ta ƙi kama katakon, ta faɗi ƙasa ta fashe. Kunnensa na hagu ya tafi, shi ya dawo gida.

Na ce, "To Baba, saniyar fa?"

Ya ce, "Saniya ta mutu. Ku dawo baɗi. Amma roba ba za ta sake shiga filina ba."

Da shekara ta zagayo, muka tarar da akwati cike da cokula da farantai sirara, waɗanda ya yanka daga guntayen katakon da masana'antar kujeru ke zubarwa. Dokarsa ɗaya: in ka gama ci, ka jefa a wutar da aka gasa naman. Toka ta koma gona. Hajiya Assibi ta juya cokalin ta ce, "Yau ga abin kunya! Mun baro akushi da koshiya a Maraɗi, mun haye teku, sai wani Ba'amurke ne zai mayar da mu?" Da aka fassara masa, ya yi dariya har da tari.

Akwai masu gunaguni, na sani, don ina cikinsu. Cokalin katako ba ya ɗibar miya da kyau, na roba kuwa ga shi a kowane kanti. Amma shekara biyar ba a tsinci ko guntun leda a ciyawarsa ba.

Loretta, ki saurare ni. Saura mako shida Babbar Sallah. Filin yanzu naki ne, kuma mun ji ana zawarcinsa don gina gidaje. Ba mu da hakkin hana ki. Abin da muke da shi kawai alkawari ne. Mahaifinki ya rasu akwatin bana bai kai rabi ba. Samarinmu Mourtala da Surajo sun koyi aiki da injinsa na yankan katako a hannunsa. In kin ba su makullin rumfar, ranar Asabar za su shiga, kuma ba za mu huta ba sai akwatin ya cika. In kin bar mana filin, dokarsa tana nan. In ma kin sayar, duk inda muka yi layya a garin nan, da katako za mu ci. Jama'a, na faɗi daidai?

Kin ji su. Wannan amsar tasu ba ta bukatar fassarar Ruwaida.

Mun gode wa duk wanda ya zo, mun gode wa matan da suka yi girki. Hisabin Baba Bernard yana wurin Mahaliccinsa. Mu dai shaidarmu ita ce maƙwabci ne na ƙwarai. Allah Ya ba iyalansa haƙuri, Ya albarkaci bayansa, Ya ba mu ikon cika abin da muka faɗa. Amin.

Abinci yana waje. Cokulan da ke kan tebur su ne na ƙarshe da ya yanka da hannunsa. Kada kowa ya sa a aljihu don tunawa, ba zai yarda ba. An hura wuta a bakin ƙofa.