Laifin Ɗiyata Ta Buɗe Littafi

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni dillalin dabbobi ne a Dakoro. An kawo ordinatoci, wato kwamfutoci, ɗakin karatun lakwal, makarantar bokonmu, aka jibge littattafai bayan ƙofa. Ɗiyata Hadiza ta zaƙulo guda tana karantawa, sai yara suka ɗauke ta bidiyo suka watsa, wai ga kaka 'yar zamanin da, mai karanta littafi. Yanzu ta ƙi komawa, ga jarrabawa tafe.

Na iske mushen wurin, wato malamin lakwal ɗin, kansa cikin wayarsa. Wai, "Alhaji, zamani ne." Zamani! Ni ko akuya zan saya sai na duba haƙoranta. Shi ya karɓi injuna bai koya wa yara kunya ba.

Masu sauraro, me zan gaya wa yarinyar nan ta koma?