Waya ta ce in shuka, gerona ya ƙone

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale, manomi daga wani ƙauye a Baure.

Makon jiya na ji baƙonku yana cewa mu kwantar da hankali, wai na'ura za ta magance mana rikicewar damina. To, bana saƙo ya shigo wayata cewa ruwa ya zauna, a yi shuka. Ban ko tona ƙasa na duba danshi yadda muka saba ba, na zuba irin gerona kaf. Sati uku ko ɗigo babu, shukar ta ƙone ƙurmus.

Ni ba na ƙin na'ura. Amma don Allah ku tambayar mini shi: yanzu shi zai ba ni iri, ko wayar?