Man Mashin da 'Yan Tsakin Zumunta

Ogbonna: Halo, wa ke magana?

Clara: Ogbonna, ni ce, Maman Japheth ta Samaru. Ina wuni?

Ogbonna: Madam Clara, lafiya lau. Ya zafi?

Clara: Lokacinsa ne. Ya kasuwa? Ya Nnenna da jaririya?

Ogbonna: Mun gode Allah. Ya jikin maigidanki, Oga Shekari?

Clara: Da sauƙi. Hannun hagun ne dai har yanzu. Kana shago?

Ogbonna: Ina Sabon Gari, ina zan je? Wane kuka nake ji a bayanki haka?

Clara: 'Yan tsaki ne, kwali huɗu, na zumuntar matan cocinmu. Jiya aka ƙyanƙyashe su. Na ɗauko su daga Samaru zan kai gona, sai mashin ya mutu mini bayan Bomo. Don Allah ka saurare ni, katina ba shi da yawa.

Ogbonna: Jincheng ɗin da kika saya wajena? Ai sabo ne. Yaya ya mutu?

Clara: Ya yi ta hayaƙi, ya fara ƙara kamar ana dukan kwano, sai ya tsaya. Injin ba ya taɓuwa.

Ogbonna: Tsayar da ɗan acaɓa ya kai miki tsakin.

Clara: Hanyar gona ce, tun da na tsaya ko keke bai wuce ba. Wani tsoho kawai na samu mai sayar da fetur a kwalba, nan na turo mashin.

Ogbonna: To ki ba su ruwa tukuna.

Clara: A fili? Shirwa biyu ke shawagi a kaina. In na buɗe kwali ɗaya, nasu ne. Na leƙa ta huda, na ƙasa sun fara buɗe baki.

Ogbonna: To. Gefen dama, kusa da ƙafarki, akwai murfi. Kwance shi da tsumma, akwai tsinken awon man inji a jiki. Me kika gani?

Clara: Dakata. Halo? Kana ji na?

Ogbonna: Ina ji. Tsinken fa?

Clara: A bushe yake.

Ogbonna: Madam, yaushe rabon a ba mashin ɗin nan mai?

Clara: Yau da safe. Baban Japheth ne ke yi, bai taɓa fashi ba.

Ogbonna: A ina yake zubawa?

Clara: A tanki, cikin fetur. Jan man nan, murfi biyu.

Ogbonna: Chineke. Wannan ai abincin tsohuwar Suzukinsa ne. Ita ce ke shan mai tare da fetur. Jincheng kuwa nasa man a ƙasa yake zama, inda kika kwance yanzu. Tun bayan sabis na farko ba wanda ya buɗe wajen?

Clara: Ban sani ba. Ya ce in bar masa.

Ogbonna: Sai ki hana shi taɓawa.

Clara: Ogbonna, mutumin da ko maɓallin rigarsa ni ke saka masa? Wannan kaɗai ya rage yana yi da kansa. Bar wannan yanzu. Tsohon nan yana da mai iri uku, faɗa mini wanne.

Ogbonna: Na farko?

Clara: Ja, irin na gida.

Ogbonna: Ajiye shi. Ruwa-ruwa ne, ba zai riƙe injin ba.

Clara: Na biyu baƙi ne, a kwalbar lemo. Ya ce masu injin niƙa shi suke saya.

Ogbonna: Wanda aka juye daga mota ne. Ko maƙiyina ba zan ba shi ba. Ba shi da gwangwani mai hoton mashin, an rubuta 4T?

Clara: Baba, akwai na gwangwani? Ya ce sai Samaru. Na ukun na mota ne, a galan, an rubuta arba'in. Amma a buɗe yake.

Ogbonna: Ɗiga a yatsa, ki ɗaga wa rana. Wane launi?

Clara: Kamar zuma.

Ogbonna: Murza. Akwai tsakuwa-tsakuwa? Yana warin kananzir?

Clara: Babu. Santsi kawai.

Ogbonna: Ba shi ne daidai ba, amma zai kai ki. Kwalba ɗaya, kada ki cika. Gobe ki kawo mini in juye.

Clara: Baba, zuba mini. A hankali. Yawwa. Sai in buga?

Ogbonna: A'a, a'a. Bari ya huce, sai kin iya ɗora tafin hannu a kai.

Clara: Har yaushe ke nan?

Ogbonna: A wannan ranar? Ko rabin awa.

Clara: Ba su da rabin awa.

Ogbonna: In kika tayar da shi da zafi, zai iya kai ki gona, amma injin ba lallai ya dawo ba. Mashin ɗinki ne fa, Madam. Da shi kike kai Oga asibiti.

Clara: Na sani.

Ogbonna: Kaji ana sake ƙyanƙyasa.

Clara: Matan nan sun fi wata suna share ɗakin kajin nan. Akwai gwauraye a ciki da suka ɗora ransu a kai. Ni na ce kada a ɗauki mota, zan iya. Ina ajiye wayar a aljihu, ka saurara.

Ogbonna: Madam, jira. Ko minti goma.

Clara: Ya ƙi tashi. Bari in sake.

Ogbonna: Kada ki ja wuta da yawa. Halo?

Clara: Ya tashi. Ka ji?

Ogbonna: Na ji, kuma ba na son wannan ƙarar. Kashe shi.

Clara: Kwalin ƙasa ya yi shiru, Ogbonna.

Ogbonna: To giya ta biyu kawai. In kika ji ya fara riƙewa, matse kuloci, ki...

Clara: Baba, matsa mini hanya.