Gurbi Biyu Kawai

Ina zaune a bencin shagon gyaran kwamfuta, ina jiran layina. Wani mai ɗaukar hoto ya tsaya a kan mai gyara, kwamfutarsa na kwance a buɗe.

"Malam, gurbi biyu gare ta, duk a cike," in ji mai gyara. "Kafin sabon faifan ajiya na SSD ya shiga, sai tsohon faifai ɗaya ya fita."

"Cire na sama."

"Bidiyon amaryar da ka ce tana jira gobe yana cikinsa. Na ƙasa za mu cire. Ba ka ji yana ƙas-ƙas ba?"

"Kar ka taɓa shi. Yayana ne ya ɗaura shi da hannunsa."

"To ya zo ya kwashe kayansa mana!"

"Ya rasu," in ji mai hoto. Mai gyara ya dube shi, ya ajiye sukundireba.

"Allah ya jiƙansa. Amma in na zare, ban yi alkawarin zai sake tashi ba. Ka kwafe abin da ke ciki?"

"Muryarsa ce a ciki. Tun ranar da ya rasu na kasa buɗewa."

Mai gyara ya zare wayar lasifika, ya tura masa kujera.

"Zauna, ka juya baya. Ni zan buɗe, in kwafe maka."