Tulun da Ya Tsare Kailani

Jawabin Malam Gwadabe mai dawa a sadakar arba'in ta marigayi Kailani, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Sarkin kasuwa, dattawan Tudun Wada, maƙwabta na kusa da na nesa, sannunku da zuwa. Muntaka, ƙanen marigayi, da ka tako tun daga Misau, sannu da hanya, sannu da haƙuri. Talatu, matar marigayi, na san kina bayan zanan nan ke da 'ya'yanki kuna jina. Allah ya ba ku danganar wannan rashi.

Ba al'adarmu ba ce a tsaya dogon zance a wurin sadaka. A yi addu'a, a raba gumba, a watse. Amma na roƙi Liman izini ya ba ni, domin akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro kwana arba'in, in ban amayar da ita ba za ta kashe ni.

Kailani ya zo garin nan ne da aikin hanyar jirgi, da ɗan ƙunshinsa a ka. Da aikin ya ƙare sai ya kama ɗebo wa Jan Gemu ruwa, Baturen nan mai sayen fatu, mutumin ƙasar Beljiyam, wanda muke zaune a bayan shagonsa yanzu haka. Kun san halinsa. Giyar kwalba da jirgi ke kawowa daga Ikko, cewa yake yi ruwan wanki ce. Tasa yake dafawa da tsiron dawa, irin yadda ya ce ubansa ke yi a ƙauyensu. Daga can ya zo da wata kumfa a kwalba, ita ke tayar masa da giyar, ya zuba ta a ƙaramin tulu. Abin nan rai gare shi, jama'a. Duk bayan kwana uku sai an ba shi ruwan tsiro mai zaƙi, sai an binne tulun a jiƙaƙƙen yashi kada zafi ya taɓa shi. In aka yi sake sau ɗaya, ya mutu, kuma babu wani sai a ƙasarsu.

Wata rana Kailani ya sauke ruwa, ya juya zai fita, sai ya ce wa kuku, "Waccan randar ta hagu ta lalace." Bature ya ji, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya dubi Kailani ya ce, "Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Hancina." To, wallahi tun daga ranar hancinsa ya ja masa. Aka karɓe masa gwangwanin ruwa, aka ba shi ɗakunan nan biyu, aka damƙa masa tulu.

Ya kasance gwani a aikin da bai taɓa so ba. Ni da nake kai dawa na sha gani da idona. Bature zai tara abokansa a baranda, kowa ya ɗaga tambulan ga hasken rana, ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya a baki, su yi ta gardama kamar masu shari'a. Wannan baƙar wai tana da ɗanɗanon ƙanzo, waccan jar wai zuma-zuma, ta ukun kuwa tsami kamar an jiƙa tsamiya. Sai a kira Kailani a raba gardama. Ya tsaya daga nesa, ya sunkuya, ya shaƙa sau ɗaya, ya faɗi kwanan kowace, har rijiyar da aka ɗebo ruwanta. Su yi ta tafi. Sau nawa Bature ya miƙa masa tambulan ya ce ya kurɓa ko kaɗan, shi kuwa ya harɗe hannu a baya ya ce, "Hanci ya isa, ranka ya daɗe." Shekara goma sha huɗu, ɗigo ɗaya bai wuce leɓensa ba.

Ya kasance mai amfani gare mu, ko da ba mu faɗa ba. Ku tuna rijiyar bakin kasuwa, lokacin da yara ke ta gudawa muna cewa iska ce. Shi ya leƙa ya ce akwai mushe a ciki. Muka yi masa tsawa, da aka zura ƙugiya sai ga akuya ta kumbura. Ku tuna shekarar yunwa. Ruwan tsiron nan, kafin a sa masa kumfa, kunu ne halal, mai zaƙi. Kailani ya riƙa rage shi yana miƙo wa mata ta kan katanga, ƙwarya bayan ƙwarya. Da Bature ya ga randa ba ta cika, a gaban kuku ya kwaɗa masa mari. Washegari ya sake miƙowa. Akwai samari a zaune a nan, ba zan nuna su ba, da wannan kunun suka ga damina.

Ya kasance mai neman hanyar fita, kuma nan ne maganar ta zo kanmu. Shekara tara ke nan ya je gaban Mai Unguwa ya roƙi fili, taku ashirin kacal, kangon nan da ke jikin gidana. Ya ce in ya sami inda zai sa iyalinsa, zai ajiye wa Bature tulunsa ya koma ɗebo ruwa. Mai Unguwa bai ƙi ba. Ya ce a tambayi maƙwabta. Wa ya fara tashi ya ce ba ma son mai giya a layinmu? Ni ne. Ni, Gwadabe, da bakin nan nawa. Sauran suka ce haka ne.

Kai, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani! Dawar da ake dafawa, wa ke sayar da ita? Ni. Dusar da ake tacewa, Sabo mai tumaki ke kwashewa ya ƙiwata raguna, mu saya mu yi layya muna lasar baki. Masu itace sun ci, masu tukwane sun ci. Duk mun ci daga tukunyar nan, amma shi kaɗai muka bar wa warin. In ya shigo masallaci a matsa. In ya aiko da tuwon suna a ba kaji. Ya koma wurin Bature ya roƙi a sauke masa tulun, Bature ya ce ƙofa a buɗe take, amma in ya fita ya kwashi matarsa da 'ya'yansa a ranar. Gaba kura, baya siyaki. Ina zai sa kansa?

Muntaka, kai ne ka kawo masa saƙo cewa tsohuwarku tana kwance tana kiran sunansa. Ka yi fushi da bai bi ka ba, ka yi shekara shida ba ka waiwaye shi ba. Yau ka ji dalili. Misau tafiyar kwanaki ce, tulu kuwa ba ya wuce uku. Bature yana Kano wajen fatu, lokacin kuma Talatu ba ta iya ciyar da tulun ba tukuna. Ranar da ka juya, na same shi durƙushe a bakin ramin yashin nan yana yayyafa ruwa, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na sauke buhuna na tafi. Ka yafe wa ɗan'uwanka, don Allah.

Tafasasshen ruwan tsiro ne ya kife masa a ƙafa, ciwon ya ci jiki. Ranar da zai cika ina wurin. Ya buɗe ido ya ce, "Gwadabe, yau kwana nawa?" Na ce uku. Ya ce, "A gaya wa Talatu ta ba tulu." Sai ya fashe da kuka ya ce, "Dubi abin da ke bakina a irin wannan lokaci." Liman ya matso ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, alhamdu lillahi.

To, jama'a, ku tambayi kanku: kwana arba'in ɗin nan wa ke ba tulu? Ga ta can bayan zana. Mace tana takaba, ba ta fita, ba ta ado, amma duk bayan kwana uku sai ta tashi ta dafa tsiro ta ciyar da abin da ya cinye mijinta. Bature ya aiko mata cewa muddin tulu na da rai, ɗaki nata ne. Takaba ta tsare ta a gidan nan, gidan kuma ya ɗaure ta a jikin tulu.

Na tambayi Liman, ya ce macen da mamallakin gida ya kora tana iya ƙarasa takabarta a wani wuri. Saboda haka na sa an share ɗakuna biyu a gidana. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, kangon nan yana nan yadda yake, jakunana nake ɗaurewa a ciki. Na janye maganata ta shekara tara. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: Sabo, azara a kanka, tubali a kaina, sauran ku kawo hannu.

Talatu, yau ma ranar tulu ce. Na ga hayaƙi ya tashi a madafinki tun da safe, na san kin riga kin ɗora tsiro, kuma ban ga laifinki ba, domin ba ki taɓa ganin alherin bakinmu ba. Ba zan ce ki yarda da ni ba. Amma in kin ga dama, ki sauke tukunyar nan ki raba wa 'ya'yanki su sha da zaƙinsa, ki bar tulun Bature da yunwa.

Na gode wa Liman da ya ba ni dama, na gode muku da kuka saurara ba ku tashi ba. Allah ya jiƙan Kailani, ya yafe masa abin da ya yi bisa tilas, ya yafe mana abin da muka yi da gangan. Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, taku ashirin ya roƙe mu muka hana shi; Kai ka yalwata masa kabarinsa iya ganin ido. Amin. Malam Liman, a yi mana Fatiha.